Takardun Baba da Na Ƙona

Ni na ƙona aikin Babanmu na ƙarshe, da hannuna, a bayan gidanmu na unguwar Malali a Kaduna, kwana tara bayan rasuwarsa. Ba da mugunta na yi ba, kuma wannan bai taɓa rage mini komai ba.

Baba malamin kemistiri ne a jami'a, a Zariya, amma bai taɓa dawowa gida da warin sinadari a riga ba. Biro da takarda ne kayan aikinsa. Lissafi yake yi don ya gano yadda ƙananan ƙwayoyin abu ke riƙe juna, da abin da ke sa su saki. Gwaggo, yayarsa, takan tsokane shi cewa ba ta taɓa ganin mai haɗa magani da ba shi da ko kwalba ɗaya ba. Ya yaye ɗalibai da yawa, wasu suna koyarwa a ƙasashen waje, kuma an ce har yau ana amfani da wata hanyar lissafi da ya fito da ita tun ina firamare. Ni kam ban gaji komai ba. Ma'aikaciyar ofis ce ni, fayil na sani.

Da ya yi ritaya ya dawo Kaduna, idonsa ya daina jure hasken kwamfuta, sai ya koma rubutun hannu. Shekara da shekaru yana fama da matsalar lissafi guda. Ba ya kuwa fara shafi sai ya rubuta Bisimillah da Larabci a samansa, ko da shafin gwaji ne da zai soke.

Da aka tashi daga zaman makoki muka shiga gyara ɗakinsa. Littattafai muka jera a kwali don a kai jami'a. Saura takardu buhu biyu, duk lambobi da soke-soke. Ƙanena ya ce a zubar. Gwaggo ta ɗaga takarda ɗaya ta duba samanta.

"A bola? Ku ji tsoron Allah," in ji ta. "Gobe ku tarar an ƙunshe ƙosai da sunan Allah a kasuwar Kawo. A ƙona su a wuri mai tsabta, a binne tokar."

Gaskiya ta faɗa, haka aka koya mana. Da hantsi na share gindin mangwaro, har da alwala na yi don iyayi, na zauna ina sa su a wuta kaɗan-kaɗan. Daɗi nake ji a raina, wai ina yi wa Baba hidima.

Bayan sati uku wata mata ta zo daga Zariya. Tsohuwar ɗalibarsa ce, yanzu farfesa, rasuwar ta same ta a ƙasar waje. Ta yi ta'aziyya, ta sha ruwa, sannan ta juyo gare ni.

"Ƙanwata, Malam ya kira ni kafin ya kwanta ciwo, ya ce in zo in ga wani abu. Na ce sai na dawo. Ina takardunsa?"

Na kai ta gindin mangwaro na nuna mata ƙasa.

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Sai kawai ta ce duk ɗalibansa sun san Malam ba ya ɗaukar biro mai jan tawada sai ya kammala abu: layi biyu yake ja a ƙarƙashin amsa.

"Kin ga shafi mai jan layi biyu? In bai gama ba, sai in ce Allah bai nufa ba, hankalina ya kwanta."

Na gani. Yana ƙasan buhu na biyu, cikin leda, shi da wasu shafuka kaɗan an maƙale su da fil. Har na tsaya ina cewa a raina wannan ya fi sauran tsabta. Sannan na cire fil ɗin na miƙa shi ga wuta.

Na ce mata ban lura ba. Tsoro ne da kunya, ba komai ba.

Ita da ɗalibanta suna kan matsalar har yanzu. Duk Sallah takan kira ta gaishe da Gwaggo, a ba ni wayar. Bara ta ce mini sun gaji, tana tunanin su haƙura, wataƙila ma abin ba shi da amsa. Na ce Allah ya yi jagora. Ni kaɗai na san yana da amsa, don na riƙe ta a hannuna, kuma ko lamba ɗaya ba zan iya tunawa ba.