Ranar da Inna ta shigar da inji ɗaki

Haihuwata ta fari a gidan iyayena na yi ta, a Tozai. Mijina ya kawo ni daga Sabon Birni da tsohon ciki a farkon damina, ya damƙa ni hannun Inna ya koma. Ni ce ɗiyarta ta fari, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma zama hira da ni. In na ce zafi ya dame ni sai ta yi kamar ba ta ji ba, can sai in ga mafici a bakin gadona.

Baba kuwa sana'arsa janareta. Ƙarami ne, yana ɗaure shi a bayan babur ya bi kasuwanni da gidajen biki, daga Isa har Burkusuma, yana yi wa mutane cajin waya, yana kunna lasifika da fanka. Kafin injin, da jakuna yake dako, kuma har tsufansa bai daina yi wa injin kallon jaki ba. Duk inda ya sauka sai ya fara duba inda iska ke busowa, ya ajiye shi nesa da mutane. Sannan ya buga wani guntun rodi a ƙasa, wanda yake kira turke, ya ɗaura masa waya daga jikin injin, ya juye masa ruwan buta. Ya ce in wuta ta ɓata hanya, ta nan za ta bi ta shige ƙasa ba ta jikin mutum ba, kuma busasshen yashi ba ya karɓarta.

'Yan kasuwa ba su gajiya da tsokanarsa. "Malam, ƙarhen ga da kaka ba ruwa, yaushe za shi tsirowa?"

"In ya yi ɗiya za ni ba ka iri," in ji Baba.

Ba ya zuba mai sai ya kashe injin ya huce. Wayarsa ba ta jan ƙasa, sai ya kafa sanduna ya rataye ta sama da kan mutum, kowane haɗi a naɗe da salatif. Amma abin da ya fi nanatawa a gida shi ne ruwan sama. Ko hadari ya gani can nesa sai ya ce kada a bari inji ya jiƙe, ruwa da wuta kisa suke yi. Mun ji wannan har mun haddace.

Na haifi namiji. Tun daga ranar Inna ta samu wanda za ta zuba wa duk maganar da ba ta iya yi mini. Maigidana take ce masa, tana yi masa ƙorafin bai kawo cefane ba. Ranar suna Baba ya ƙi zuwa ko'ina. Ya kafa injinsa a tsakar gida kusa da rumbu, ya jawo waya har ɗakina ya kunna mini fanka, don ɗakin ga wutar jego ga taron mata.

Da aka kira la'asar maza suka tafi masallaci, mata suka watse neman alwala. Sai hadari ya taso daga gabas, irin mai zuwa ba sallama. Ina kwance ina shayar da yaron na ji Inna da ƙanwarta suna nishi a bakin ƙofa. Injin suka kinkimo yana aiki, suka tsinke wayar turken, suka ajiye shi a lungun bayan ƙofa. Nan ne Inna ta saba shigar da 'yan awaki sababbin haihuwa in ruwa ya sauko. Ba ta kashe shi ba, don kada fanka ta tsaya in ji zafi. Ta ja ƙofa saboda feshi, ta toshe taga da tsumma, ta fita kwashe shanya.

Ban ga laifinta ba a lokacin, kuma har yau ban gani ba. Mu da muka tashi a hayaƙin kara da na kashin shanu, mun san hayaƙi abu ne mai sa hawaye da tari, in ya ishe ka ka fita. Wannan bai sa ni hawaye ba. Kaina ne ya fara sarawa, sai jikina ya yi nauyi, na ce gajiyar baƙi ce. Yaron ya saki nono, na ji daɗi ya yi barci. Na so in gyara masa kwanciya, hannuna ya ƙi ɗaguwa.

Daga baya Baba ya ce yana cikin sahu ya ji muryar injinsa ta sauya, ta koma kamar ana magana a cikin tulu. Ana sallamewa ya fito a guje cikin ruwa, ko takalmi bai tsaya ɗauka ba. Abin da na tuna shi ne ƙofa ta bugu da bango, ƙarar ta ɗauke, sai ga ni a zaure iska mai sanyi tana dukan fuskata, ina amai. Yaron yana hannun Baba, ya yi laushi, ba ya motsi. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Baba ya kwance masa zani, yana murza bayansa yana kiran sunan da aka raɗa masa da safe. An jima kafin ya yi wani ɗan kuka siriri.

Inna tana tsaye a cikin ruwa, ta ƙi shigowa zauren. Ta ce, "Malam, kai kac ce kar shi jiƙe."

"Ni nac ce," in ji Baba.

A kan babura aka kai mu asibiti a Isa, muka kwana, aka sallame mu lafiya. Da muka dawo na tarar Inna ta zama wata. Ruwan wankana yana tafasa a kan lokaci, kunun kanwa yana zuwa da zafinsa, amma ta daina taɓa yaron. In ya yi kuka sai ta aika a kira ƙanwarta. Kalmar "maigidana" ta ɓace daga bakinta. Wannan ya fi ciwon kan yi mini zafi, ga shi tsakanina da ita ba a irin wannan magana.

Baba ya ƙera wa injin 'yar rumfa ta guntun kwano da ƙafafun rodi, ba bango ko ɗaya, mai naɗuwa a bayan babur. Tun daga nan duk gidan da ya sauka sai ya tara matan gidan ya yi musu bayanin hayaƙin, cewa ba ya sa hawaye, barci yake sawa, kuma ko ƙasa da sama za su haɗe inji ba ya shiga ɗaki.

Ranar da zai koma kasuwar Burkusuma, ya gama ɗaure kayansa, sai ya shigo ya karɓi yaron daga hannuna. Inna tana duƙe tana wanke-wanke. Ya tsaya a bayanta ya ce, "Ruwa kaɗai nah hwaɗa miki. Hayaƙin ni nab bar shi cikin kaina, don kullum ina kusa da injin. Laihina na." Sai ya ɗora mata yaron a baya, ya ciro rawaninsa yana ƙoƙarin yin goyo da shi. Baba da ya iya ɗaure inji a babur ya kai Burkusuma bai motsa ba, ya rasa yadda ake ɗaure jariri. Yaron ya fara zamewa gefe.

Hannun Inna ya kai baya tun kafin ta yi shawara, da kumfar sabulu da komai.

"Malam, kayar da shi za ka yi," in ji ta. "Sake min maigidana."