Kunyar da Aka Yaba wa Ummu Hani

Duk wanda ya bi ta layinmu a Gwadangaji da hantsi zai ga Ummu Hani a bakin tukunyar turara shinkafa, waya maƙale cikin ɗankwali daidai kunnenta, tana iza wuta tana gyaɗa kai. Masu kawo mata shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, suna yi mata tsiya, wai wata rana wayar za ta faɗa tukunya a dafa ta da shinkafa. Ba waƙa take ji ba. Muryoyin masu jego take saurare, kuma ni da nake maƙwabciyarta na san dalili.

'Yar Gulma ce, 'yar fari a gidan manomin shinkafa. Ta tashi ba ta taɓa jin sunanta a bakin mahaifiyarta ba, sai dai "ke wagga". Al'ada ce uwa ta ji kunyar ɗan fari, kada ta kira sunansa, kada ta yi masa wasa a gaban mutane. Innarta Asiya kuwa ta riƙe wannan kunya har ana ba da misali da ita a unguwa. A hannun kaka Ummu Hani ta girma.

Da ta auri Sunusi, mai tuƙa keke napep a Birnin Kebbi, cikin fari ya kai ta gida haihuwa. Ta sami ɗa namiji, aka sa masa Abdussamadu. Aka shiga wankan jego da ruwan zafi safe da yamma, ga kunun kanwa, ga 'yan barka. Ita kuwa sai ta ji kamar an kwashe abin da ke cikin ƙirjinta. In an miƙo mata jaririn ta ba shi nono, ta kau da kai. In ya yi kuka ba ta motsi sai an taɓa ta. Abinci ba ya wuce mata, barci ya ƙaurace.

Abin da har yau yake ba ni haushi shi ne yabon da aka yi ta yi mata. Gwaggonni suna shigowa suna cewa, "Ku dibi ɗiyar Asiya, ko kallonai ba ta yi! Wagga ita ag gadon kunya." Yarinya tana nutsewa a gabansu, su kuma suna sa mata albarka. Wata rana da la'asar ta fita ba ta gaya wa kowa ba, ta je bakin gulbi ta tsaya tana kallon ruwa, tana jin yaron zai fi samun daɗin duniya in babu ita. Gaisuwar wani masunci da ya san babanta ce ta sa ta juya gida.

Bayan arba'in ta dawo Gwadangaji yadda ta tafi bakin gulbin. Paulina, tela 'yar Kafanchan da ke haya a gidan da ke kallon nasu, ita ta fara lura. Ta shiga kai mata ɗinki ta tarar da yaro yana ta tsala kuka a tabarma, uwarsa ta zuba wa bango ido.

"Maman Abdul, ba ki ji shi ba?"

"Kunya ta," in ji Ummu Hani. "Haka muka yi nan."

Paulina ta ɗauki yaron, ta waiwaya ta ga su biyu ne kawai a ɗakin. "Kunyar wa? Ba kowa a nan. Yaushe rabonki da barci?"

Paulina ma ta sha irin wannan bayan haihuwarta ta biyu. Ta karɓi wayar Ummu Hani ta sa ta a wani zauren WhatsApp na masu jego, Musulmi da Kirista, yawancinsu ba su taɓa ganin juna ba. Ba a cika rubutu a zauren ba, saƙon murya ake yi, kuma doka ɗaya ce: muryar wata ba ta fita waje.

Ummu Hani ta daɗe tana ji kawai. Sai ran nan wata mata daga Argungu ta ce tana shayar da ɗanta kamar ɗan da aka ba ta ajiya, kuma tana tsoron Allah zai kama ta. Ummu Hani ta maimaita saƙon ya fi a ƙirga. Daga baya ta danna ta yi magana, har zancen gulbi ta faɗa. Amsoshi suka yi ta shigowa. Babu wadda ta ce ta yi haƙuri ta yi shiru. Wata ma'aikaciyar jinya a cikinsu ta ce wannan ciwo ne sananne, ciwon damuwa bayan haihuwa, yana da magani, kuma kada ta bari gobe ta wuce ba ta je asibiti ba.

Sunusi ya fara da rubutu da hayaƙi, don ya ɗauka iska ce. Da ta kunna masa nata saƙon ya ji zancen gulbi, sai ya bar rubutun da hayaƙin. Washegari bai ɗauki fasinja ba, ita ya ɗauka zuwa asibiti. Sauƙin bai zo a rana ɗaya ba. Wani mako ta yi dariya, wani mako ta koma kallon bango. Amma zauren bai sake ta ba, har ta zama ita ce mai amsa wa sababbi.

Bara da kaka Inna Asiya ta zo daga Gulma da buhun shanshera. Ina tsakar gidan ina taya su tsince tsakuwa, sai Ummu Hani ta ɗaga murya: "Abdussamadu! Taho ka gai da kakarka." Ta jawo shi ta goge masa hanci, ta rungume.

Inna ta ɓata rai. "Ke wagga, ina kunyarki ta tahi? Da kin hi kowa."

Ummu Hani ta saki yaron. Ta ciro wayar daga ɗankwali, ta nemo saƙonta na farko ta kunna. Muryar tana faɗin rashin barci, da nonon da ake bayarwa ana kau da kai, da ruwan gulbi. Hannun Inna ya tsaya a cikin faifai. Saƙon ya ƙare ba ta ɗago ba.

Can ta ce, "Ashe ciwo na?"

"Ciwo na, Inna."

"Ni ma na je bakin gulbin nan, kina cikin tsumma. Kowa yana yabona. Ba wanda yat tambaye ni." Ta share ido da gefen mayafi, ta dubi 'yarta sosai, irin kallon da ban taɓa ganin ta yi mata ba. "Ummu Hani," ta ce, sunan yana yi mata nauyi a baki, "ina aka dannawa in mutum yana son ya yi magana?"