Kunnen Baba Illo Mai Lasifika

Kafin masu kayan miya su gama shimfiɗa buhunansu a kasuwar Sabon Birni, Baba Illo ya riga ya buɗe rumfarsa. Yakan goge teburi da tsumma, ya jona ƙarfen narka dalma a batir, sannan ya jera lasifikun da aka kawo masa gyara. Yawancinsu na masallatai ne, irin masu kama da ƙaho, waɗanda rana da ruwan sama suka cinye wa fenti. Daga Gatawa ake kawo su, daga Burkusuma, daga Bafarawa, a ɗaure a bayan babur. Ba ya tambayar sunan wanda ya kawo. Tambayarsa ɗaya ce: "Ta wane gari ta?" In ya sha shayinsa sai ya duƙa, ya kama naɗa wata waya siririya kamar gashi, ba ya ɗagowa sai an kira azahar da ɗaya daga cikin lasifikun da ya taɓa gyarawa.

A wannan watan yake ajiye aikin. Hannunsa bai gaza ba, idonsa ma da sauransa. Kunne ne. Na dama ya tafi gaba ɗaya, na hagu saura kaɗan. Mutane suna cewa tsufa ne. Ba tsufa ba ne, kuma shi ya sa na zauna rubuta wannan, ni da zama wuri ɗaya yake yi wa wuya.

Ni ɗan kabu-kabu ne. Na bar makaranta da wuri, na sayar da fetur a kwalba, na yi cajin waya, ban daɗe a ko ɗaya ba. Wata rana na sauke fasinja kusa da rumfarsa, sai na ji wata ƙara kamar an kunna injin niƙa a tsakiyar maƙera, ga wani mutum yana ihu a cikinta. Na leƙa.

"Baba, rediyon ga ya lalace?"

"Lahiya lau shike," in ji shi. "Kunnenka na bai saba ba. Zamna."

Na zauna. Ban san lokacin da kaina ya fara kaɗawa ba. Tun da nake ban taɓa jin abin da ya yi daidai da gudun da ke cikin ƙirjina ba sai ranar.

Tun yana saurayi ya samu kiɗan, lokacin yana koyon gyaran rediyon mota a Maraɗi. Wani Bature ya ƙetaro hamada da tsohuwar mota ya sayar, ya manta kaset a ciki. Illo ya kunna, ya ɗauka na'urar ce ke tauna kaset ɗin. Ya kwance ta ya ɗaure, ya sake kwancewa, kafin ya gane cewa haka kiɗan yake. Daga baya wani ya karanta masa abin da ke rubuce a jiki, ya ce sunan irin kiɗan tirash metal, wai metal ƙarfe ne, tirash kuwa bugu, irin wanda ake yi wa hatsi. Illo ya ce, "Ashe sussuka ta!" Har yau haka yake kiransa, kiɗan sussuka. In ka saurari gangar da kyau za ka ba shi gaskiya, kamar mata da yawa ne suka haɗu a kan turmi ɗaya, kowace tana gudun kada a bar ta baya.

Da ya dawo gida ya buɗe rumfa, sai ya mayar da kiɗan ma'auninsa. Duk lasifikar da ya gyara sai ya jona ta, ya sa kaset ɗin, ya ƙure murya. Ya san kowane lungu na kiɗan nan, har 'yar ƙarar tsufan kaset, saboda haka in wata ƙara baƙuwa ta shigo ya san daga lasifikar take. Shi tari yake ce wa wannan ƙarar. Wadda ta yi tari ba ta barin rumfarsa, ko mai ita yana tsaye yana jira.

"Kiɗa mai sanyi ɓoye laihi shika yi," haka yake cewa. "Kowace lasifika tana iya waƙar biki."

Ba kowa ke son haka ba. Liman Hafizullahi na Bafarawa ya taɓa riskar ana gwada tasu, ya toshe kunne da gefen rawani.

"Illo, ka ji tsoron Allah! Abin da za a kira salla da shi kaka sa ma kururuwar aljannu?"

"Allah gafarta Malam, in ta jure aljannu, ladaninka ba shi kashe ta."

Liman ya yi dariya har ya nemi wurin zama. Ya tafi da lasifikarsa yana cewa sai ya sa an goge ta tukuna, kuma har yau ita suke amfani da ita.

Ni kuwa da na samu babbar waya sai na shiga neman sababbin masu wannan kiɗa. Duk ranar da sabis ya yi kyau sai in sauke, in kawo masa. Nan muka fi yin musu. Ni ina son na yanzu, sun fi sauri, sautinsu ya fi fita. Shi sai ya rufe ido ya saurara har ƙarshe, sannan ya taɓe baki.

"Yaran ga sun iya, amma an wanke su da yawa. Ban jin zuhwa."

"Baba, ji gangar nan fa!"

"Na ji ta. Da ƙahwa aka bugun ta, ƙahwa biyu kuwa Allah Ya ba ɗan Adam. Wanga ƙahwa nawa gare shi?"

Amma in na tashi tafiya sai ya ce in bar masa wannan ta ƙarshen, wai zai ƙara duba laifinta. Bai san abin da mawaƙan suke faɗa ba, ni ma ban sani ba. Ya ce bai taɓa bukata ba. Mutum in yana ihu da gaske, ana gane shi ko da wane harshe.

Sai zamani ya juya. 'Yan bindiga suka fara shiga ƙauyuka, lasifikar masallaci ta samu aiki na biyu. Nasiruddeen, ladanin wani ƙauye da ke kusa da Gatawa, ya ba ni labari da bakinsa. Da la'asar ne, mutane suna gona, wani ya shigo a guje ya ce ga babura nan ta wajen gulbi. Nasiruddeen ya faɗa masallaci ya kama makirfo.

"Ban san ina da murya irin wagga ba," in ji shi. "Na manne baki ina kururuwa, 'Ga su nan ta gulbi, ku hita ta yamma!' Wallahi har maƙoshina ya tsage. Amma ita ba ta tsage ba. Na cikin gona sun ji 'gulbi', sun ji 'yamma'. Da ta shaƙe, da wasu wajensu za su nuhwa."

An yi asara a ranar, amma da yawa sun fita. Lasifikar ta bi ta hannun Baba Illo, ta sha sussuka kafin ta koma gida.

Kai ne, Baba, ka gane tun kafin mu gane, cewa ladan da natsuwa yake kiran salla, amma ranar da za a ce wa gari ya gudu ba da natsuwa ake faɗa ba. Ba ka san ranar za ta zo ba. Ka dai ƙi yarda abu ya fita hannunka ba ka ji iyakarsa ba.

Waɗanda suka tsira suka cika Sabon Birni. Cikinsu akwai Inna Tasalla, wadda ta baro gawar mijinta a ƙauyen a waccan ranar, ta zo ta kafa kaskon ƙosai daura da rumfar Baba Illo. Wata ranar kasuwa ya gama gyara, ya kunna kaset kamar yadda ya saba. Waƙar da ganga take farawa, ita kaɗai, da sauri kamar harbin bindiga. Kafin jita, garayar Turawa, ta shigo, kasuwa ta watse. Aka yi ta tattake tumatir, awaki suka tsinke, wani ya bar babur ɗinsa a kunne. Inna Tasalla ta ture kasko, mai ya zubo mata a ƙafa, aka same ta a ƙarƙashin teburin tela ta rungume ɗan da ba nata ba.

Da aka natsu wasu suka zo da faɗa. Ita ba ta yi faɗa ba. Ta tsaya bakin rumfa da ƙafa a naɗe, ta ce, "Illo, kai kiɗa kaka ji. Mu abin da munka baro muka ji."

Ya cire kaset ɗin ya ajiye. Daga ranar ba a ƙara jin sussuka a kasuwa ba, kowa ya ɗauka ya daina gwaji. Bai daina ba. A bayan kowane ƙaho akwai wani kai mai nauyi, shi ke haifar da sautin, ƙahon watsa shi kawai yake yi. Sai Baba Illo ya riƙa kwance kan, ya naɗe shi a tsohon bargo, ya manna a kunnensa, ya ƙure murya. Na waje ba ya jin komai sai ɗan zuza kamar ƙudan zuma. Duk abin da aka yi domin gari guda ya ji, kunne ɗaya ke shanye shi.

Na ce masa mu riƙa fita bayan gari. Ya ce can ma akwai masu noma, su ma zuciya gare su. Na ce to ya rage murya mana.

"Wanda za shi kururuwa cikinta ba shi ragewa," in ji shi.

'Yarsa Sadiƙa, wadda ke kawo masa abinci, ta yi kuka, ta ɓoye bargon, ya samo wani. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo. Lasifiku sai ƙaruwa suke yi, don kowane ƙauye yanzu yana son tasa ta kasance da rai. Da kunnen dama ya mutu sai ya koma na hagu. Na daina kawo masa sababbin waƙoƙi ranar da na ga ya rufe ido yana kaɗa kai alhali waƙar ta riga ta ƙare.

A watan jiya mutanen Burkusuma suka kawo tasu. Ya gyara, ya gwada a bargo, ya ajiye. Suka zo ɗauka ya ce su dawo. Suka dawo ya ce su ƙara haƙuri. Da suka matsa sai ya faɗi gaskiya: "Ban ji ta ba. Ban ba ku abin da ban ji ba." Garin kuwa yana zaune babu abin shela.

Sadiƙa ce ta gaya wa Inna Tasalla komai, har da bargon. Tsohuwar ta sauke kasko, ta bi layin rumfa rumfa, ta shiga wajen mahauta, ta je har tashar babura, tana cewa, "Illo za shi gwaji. In kun ji, ba harbi na ba, haukatai ta." Sannan ta dawo ta tsaya a kansa, ta ɗaga murya.

"Kai kurma! Maida ƙahon ga!"

"Mi kinka ce?"

"Na ce maida ƙaho, ka kunna aljannunka! Mu muna ji maka!"

Ya jawo lasifikar gabansa. Sannan ya ɗaura kan a jikin ƙahon, ya sa kaset. Ganga ta fashe. Duk da an faɗa, na ga mutane sun dafe ƙirji, wasu mata suka ja 'ya'yansu zuwa can ƙarshen kasuwa. Inna Tasalla ta damƙe bakin zanenta da hannu biyu, amma ba ta motsa ba. Baba Illo ya kifa tafinsa a kan teburi yana duban fuskokinmu.

"Ta yi tari?"

Sai ga Kamaluddeen tela, wanda ya shekara da shekaru yana tsine wa kiɗan nan daga rumfar gefe, ya ɗaga hannu wai a dakata, akwai wurin da mutumin yake jan ihu mai tsawo, nan ne suke yin tari. Ashe duk layin sun haddace kaset ɗin ba da sonsu ba. Wurin ya zo ya wuce. Tela ya duƙa ta kunnen hagu ya ce da ƙarfi, "Ba ta yi ba!" Na miƙa hannu za ni kashe, Inna Tasalla ta buge mini hannu.

"Bar shi ya ƙare."

Da yamma, bayan mutanen Burkusuma sun ɗaure lasifikarsu sun tafi, na tambaye shi abin da ya ji. Ya nuna tafin hannunsa. "Ganga ɗai, ta nan. Jitar ta tahi." Ya faɗe shi kamar mai ba da labarin aboki da ya yi ƙaura. A ranar ya ce wannan ce ta ƙarshe.

Illo na Sadiƙa, mai ba ƙarfe murya. Kai ne ka so abu ɗaya tun ƙuruciya, abin da duk garin nan ke yi wa dariya, kuma da aka zo zaɓi ka ba da kunnen da kake jin sa da shi, don kada ka tsorata masu ƙosai, don kada kuma ka mayar wa wani ƙauye da abin da zai shaƙe ranar bukata. Ba wanda ya roƙe ka. Yawancin waɗanda suka ji shela suka tsira ba su san sunanka ba. Mun gode, Baba. A madadin na Gatawa da na Bafarawa da na Burkusuma, mun gode.

Ku kuma 'yan'uwana matasa, masu ɗaure birki, masu haɗa wayar sola, masu gyaran famfo, kada mu gwada aikinmu da ranar lafiya kaɗai. Rumfar tana nan, hannunsa yana nan, ya ce duk mai son koyon naɗin waya ya zo, shi zai nuna, wani ya saurara. Sharaɗinsa ɗaya, ba bargo. A zagaya a gaya wa kasuwa tukuna.

In kun wuce ta wurinsa ku tsaya ku gaishe shi, ku bi ta hagu. Allah Ya bar masa abin da ya rage a wannan kunnen, ko da gwargwadon jin kiran salla ne.