Sojoji Biyu Na Gadin Dutse

Ranar Laraba ce, tsakiyar damina. Ni da ƙanena Ummaru mun fita noman gero a gonarmu da ke gabas da Tsamaye tun gari bai gama wayewa ba. Yana ta tsokanata, wai tsufa ya sa ina noma ina hutawa kamar mai jego. Da hantsi matarsa Hadiza ta kawo mana fura. Ba mu kai ga sha ba.

Ƙarar babura muka fara ji daga yamma, kamar injin niƙa. Sai harbi. Sai ihun mata daga cikin gari. Babura uku suka ratso gonar, kowanne da goyo.

"Ku kwanta! Kowa ya kwanta!"

Hadiza ta nutse cikin gero. Mu muka ranta a na kare. Na yar da hauyata don gudu ya yi sauƙi. Harsashi ya sami Ummaru a kwiɓi. Na goya shi, jininsa yana bin bayana har cikin wando.

Azahar ta same mu a gindin wani gawo. Gawo ba ya ganye da damina, ko inuwa ba mu samu ba. Ya nemi ruwa, babu. Ya yi shahada sau biyu, ya cika. Na fara tonon ƙasa da hannu, wurin tsakuwa ne, farcena ya ɓare. Sai na sake jin babura. Na juya fuskarsa gabas, na rufe shi da rigata, na ja ƙaya na jibga masa. Na ce masa, "Za ni dawo, Ummaru."

Da la'asar na ƙetare gulbi. Ana kiran magariba na shiga Sabon Birni, ba riga. Aka zuba mu, 'yan gudun hijira, a makarantar firamare. Hadiza ta iso washegari, ƙafafu a kumbure. Abu ɗaya ta tambaye ni, ko an yi masa sutura. Na sunkuyar da kai.

'Yan bindiga suka zauna a ƙauyenmu kamar gadon ubansu. Wanda ya koma ɗaukar gawa, shi ma ya zama gawa. Muka roƙi a ba mu rakiyar sojoji, wuni ɗaya tak, mu binne mutanenmu. Kowane ofis muka je sai a ce mu dawo gobe. Daga baya aka haɗa tawaga zuwa Abuja, mu da mutanen garin Isa, dattawa suka sa ni a ciki.

Babban da muka je gani ba ya nan, ko kuma yana nan. Wani hadiminsa mai ƙamshin turare ya ce kada zuwanmu ya tashi a banza, bari a kai mu dandalin tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi. Mun zo neman kabari, ai kuwa aka kai mu muka ga kabari.

Fili ne shimfiɗe da dutse mai sulɓi, tas, ko tsinke babu. Ga gumakan sojoji. Ga wasu sojoji biyu masu rai, farar safa a hannu, bindiga tana ƙyalli, sun sandare ko ƙifta ido ba sa yi. Hadimin ya shiga bayani, bakinsa kamar rediyo. Ya ce kabarin na sojan da ba a san sunansa ba ne, an bar shi ba suna don kowace uwa ta ce ɗanta ne. Ya ce furannin da ake ajiyewa ana naɗa su zobe ne, don tunawa ba ta da ƙarshe. Ya ce ranar biki ana sakin fararen tattabaru, alamar zaman lafiya. Na ce a raina, su zo gefenmu su saki, su ga mai gasa su.

Sai ya nuna sojojin nan biyu. Ya ce ma'anarsu ita ce ƙasa ba ta barin matattunta su kaɗai.

Na fahimta sarai, ban buƙaci ƙarin bayani ba. Ba na raina sojan da ya mutu. Na ga gawarwakinsu a hanyar Isa, yara ne ƙanana, Allah ya jiƙan su. Waɗanda na raina su ne masu tsayar da bindiga ta yi gadin dutse, alhali ƙanena yana kwance ƙarƙashin ƙaya. Dutsen nan kura ba ta cin sa.

Na matsa gaba. Na ce, "Yallaɓai, ku ara muna waɗanga biyu wuni guda. Mu tahi mu ruhe ƙanena, mu maido muku su."

Hadimin ya yi dariya, ya ce baba akwai barkwanci. Na ƙara taku ɗaya, na taka layin da ba a takawa. Wani soja daga gefe ya daka min tsawa.

"Koma baya!"

Na koma. Aka jera mu aka ɗauki hoto, aka ce mu saki fuska.

Da kaka na tafi ni kaɗai, ta cikin kwari, da hauyar aro da likkafani a buhu. Na isa da hantsi. Gawon ya yi ganye shar. Ƙayar a warwatse take. Na sami takalminsa ƙafa ɗaya, da tsumman rigata, da ƙasusuwa nan da can. Na bi su ina tsinta har rana ta take. Ummaru ya fi ni tsawo, amma ko rabin likkafanin bai cika ba. Na naɗe sauran a kansa. Na yi masa salla, ni ne liman, ba kowa a bayana.

Hadiza tana bakin ƙofar aji da na dawo. Ta dubi ƙasar da ke jikin hauyar.

"Ka ruhe shi?"

"Na ruhe."

"Duka nai?"

Na ce mata na rufe abin da na samu.