Farin Allo a Ƙofar Tela

Surukina, mijin autata, sana'arsa tsara wa 'yan kasuwa shafukansu na intanet. Ranar da ya kawo iyalinsa Bodinga ya buɗe kwamfuta yana nuna mini yadda yake sauya wa wani mai atamfa fasalin shafinsa. Ya canza launi, ya sa haruffa masu ƙiba, ya ga ba su yi ba, ya koma sirara. Na ce to, in mai shi ya ce tsohon ya fi fa? Ya danna wani wuri, sai ga tsohon ya dawo cif, ko ɗigo bai ɓace ba. Na ce ashe sana'armu ɗaya, sai dai ku ana karɓar tubarku tun nan duniya.

Ni mai rubutun allon shago ne. Aji uku na yi a firamare, biyu daga ciki a durƙushe na yi su bakin ƙofa, kafin hedimasta ya gano wanda ke zana hancinsa a bangon makewayi ya sallame ni. Har yau in zan karanta jarida sai na tsaya shan ruwa a tsakiyar layi. Amma rubuta mini harafi a takarda, in tsayar maka da shi bisa katako kamar soja a fareti.

Farkon mulkin farar hula na biyu mun sha daɗi. Kowace jam'iyya na son tuta, kowane ɗan takara na son bango. Daga baya anka ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Sabulu sai da layi, madara sai da layi, fenti kuwa ya koma kamar turaren amarya. Ba mai sayen sabon katako. Tsohon allo mutum zai ciro ya kawo a sabunta. Mu kuma ƙa'idarmu guda ce: allo na shigowa, a kankare shi da samfefa, a shafa farin fenti nan take, don farin wancan lokaci sai ya kwana biyu kafin ya bushe. Ba ma tambayar wa ya rubuta na farko. Wanda ya koya mini aiki cewa yake tsohon rubutu gawa ne, a yi mishi sutura da wuri.

A wannan shekara na samo tsofaffin hotunan ƙirji na asibiti, na yanke haruffa a jikinsu da reza. In ka ɗora bisa allo ka daddanna soso mai fenti, harafi ya fito sak da na kwalin magani. Na ɗauki girman kai na sa wa kaina. Duk rubutun da anka yi da buroshi sai na ga ƙauyanci ne.

Wata Talata wani Alhaji daga garin Shagari ya sauke allo daga bayan babur. Ya ce na shagon yayansa ne, tela. Ya samo mishi hanyar kwangilar ɗinkin kayan 'yan makaranta, mutane za su zo daga Sakkwato su duba shago, wannan allo kuwa abin kunya ne. Yayan ya tafi ta'aziyya Dandin Mahe, Alhaji na so ya dawo ya tarar da sabo.

Na jingina allon na dube shi. Shuɗin fenti ne, an labta shi da kauri. Haruffan sun fara da ƙarfinsu, manya-manya, sunka gangara kamar jaki ya ga rijiya, na ƙarshe sunka matsu a kusurwa. Ƙasa akwai layin ajami, gefe kuma almakashi mai kama da bakin hankaka. Na kira mai faci da mai shayi munka yi dariya har da riƙe ciki. Alhaji ma ya taya mu, sama-sama, ya hau babur ya tafi.

Na kankare rabin sama har katako ya fito. Samfefar ta cinye, babu wata. Na ce rabin ƙasa ya ci albarkacin talauci, na bi duka da fari.

Kwana biyu bayan nan, da hantsi, wani tsoho ya yi sallama. Siriri ne, da zaren awo rataye a wuya, ƙafafunsa duk ƙura, alamar daga tasha ya tako. Munka gaisa.

"Ɗana, kai na mai henti?"

"Ni na, Baba, in ba a samu wanda yaf fi ni ba. Kuma ba a samu ba."

"An ce ƙanena ya kawo allona wurinka."

"Ga shi can yana shan iska. Amma Baba, don Allah, wanda yay yi maka wancan rubutu, ɗan Adam na ko kaza? In yana nan kusa ka turo shi in koya mishi riƙon buroshi, kyauta."

Bai dube ni ba. Farin allon yake kallo.

"Ba ya nan kusa," in ji shi. "Ɗana na."

Na ba shi benci, ya zauna a ƙasa. A hankali ya gaya mini, kamar mai warware ɗinki. Yaron na kwalejin horon malamai. Ya zo hutu ya ce shagon babansa ba zai zauna ba allo ba, ya sayo gwangwanin fenti da kuɗin motarsa, ya rubuta a tsakar gida, uwarsa na yi mishi tsiya kan almakashin. Da bazara sanƙarau ya shigo gari. Kwana uku ya ɗauke shi. Bai taɓa ɗaukar hoto ba. Littattafansa gara ta cinye su a akwati. Abin da hannunsa ya bari a duniya ke nan, wannan katako.

"Uwatai kan aiko a ce in goge mishi ƙura," ya ce. "Ban gaya mata ba tukuna."

Na ɗauko sauran tinna da nake ɓoyo, ruwan narkar da fenti, na jiƙa tsumma, na goga a kusurwar ƙasa. Fari ya tashi, shuɗi ya leƙo. Na ƙara gogawa. Shuɗin ya narke ya bi farin, sunka zama ruwan toka a tsumma. Harafi guda na ajamin ya tafi a hannuna, yana kallo.

"Tsaya hakanan, ɗana," ya ce. "Ya isa."

Munka zauna nan har la'asar. Da rana ta karkata ta bugi allon ta gefe, sai na ga inuwa. Wurin da ban kankare ba, kaurin fentin yaron ya taso a ƙarƙashin farin, kamar jijiya a bayan hannu. Na kama yatsan tsohon na ɗora. Ya bi layin ajamin daga dama har inda na ɓata, ya dawo ya sake bi. Ya sami almakashin. Nan ne ya sa hannun riga a ido.

Na roƙe shi ya ba ni kwana uku. Na ce ba zan taɓa allon ba, wani zan yi mishi irinsa sak. Na ɓalle ƙyauren tagar ɗakina na yi katako da shi. Rabin ƙasa na kwafa daga inuwar, rabin sama daga abin da na tuna, kuma na tuna da kyau, tunda na daɗe ina dariyarsa. Sai dai hannu ya ƙi. Shekara goma sha ina horar da shi ya miƙe, ranar da na ce ya karkace ya ce bai san zancen ba. Na koma hagu, ya fito kamar na maye. Na koma dama, ina gangarar da layi da gangan, gangarar ta fito a tsare, da ka gani ka san an auna ta.

Na ɗaura allunan biyu na shiga mota zuwa Shagari. Na iske tsohon bisa keken ɗinki, Alhaji na tsaye gefe yana ta juya makullin babur. Na jingina su a bango. Tsohon ya daɗe yana duban nawa.

"Ya yi kyau," ya ce. "Allah shi yi albarka. Amma ba shi na ba."

"Yaya, ka karɓi wanga ɗin mana," in ji Alhaji. "Wallahi ban san har haka kar riƙe shi ba. Jibi mutanen nan za su zo. Mi za su gani?"

"Su ga keke, su ga tela."

"Allo ba rubutu, Yaya? Dariya za a yi muna."

"An riga an yi," ya ce, bai ko waiwayo inda nake ba. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Ya ɗauki farin. Bai mayar da shi sama inda yake dā ba. Gefen ƙofa ya kafa ƙusa, daidai kafaɗarsa, inda hannu ke kaiwa. Nawa kuwa na dawo da shi na mayar a taga, rubutun na kallon ciki.

Kafin in tafi na ce mishi, "Baba, hentin bana ba shi da kirki. Duk wanda na yi wa aiki, damina guda ya dawo yana zagina, hwari ya ɓare. Ka bari ruwa shi taɓa shi. Wataƙila shi ɓare, na ƙasa shi hito."

Ya ce, "Allah shi sa."

Ban taɓa roƙon Allah aikina ya lalace ba sai a kan allon nan. Duk ƙarshen damina sai in ƙirƙiro dalilin zuwa kasuwar Shagari. In gaishe shi, ya ba ni ruwa, mu duba allon tare. Soja sunka karɓi mulki, kwangila ta bi iska, idonsa ya fara raguwa har ya bar wa keke sai facin riga. Allunan da na yi wa mai magani da mai hatsi duk sun ɓare kamar bawon albasa. Wannan ko tsagewa bai yi ba. Sai wani layi mai duhu da ya fito a rabin ƙasa, na maiƙon yatsa, yana bin ajamin har inda ya yanke.

Damina ta shida na je na tarar da shagon a rufe. Maƙwabcinsa mai dawa ya ce an yi kwana arba'in da rasuwarsa. Na tambayi allon. Ya ce tsohuwar, uwar yaron, ta aiko an cire an kai mata ɗaki.