Transista Biyu a Ƙarƙashin Kaza

Zakara bai gama cara ba muka tayar da babur daga Kagoma ranar Juma'ar da ta wuce, ni a gaba, ƙanin matata a baya rungume da jakar mitar gwajin kayan wuta. Abin da ya fitar da mu kuwa, 'yan uwa, suna ne. Wan matata yana karatu a Ingila, an haifa masa 'ya mace, Lahadi za a yi mata baftisma. A gidansu kuma daga bakin kaka suna yake fitowa, ga shi wasiƙa ba za ta isa ba. Ni da nake malamin kimiyya, mai lasin rediyon magana da ƙetare, sai na bugi ƙirji a gaban surukata na ce da bakinta za ta faɗa masa. Na shirya da wani Bature maƙwabcinsa a can Ingila, mai irin rediyona, Asabar da la'asar. Ina cikin gwaji iskar hadari ta karya eriya, transista biyun da ke ƙara wa murya ƙarfi suka ƙone ƙurmus. In babu su, muryata ko Jos ba za ta kai ba.

Hanyar Kafanchan damina ta cinye ta, amma wa ya damu? Doya ta hau sanda, citta ta yi kore shar, mata na tafiya gona suna waƙoƙin majami'a. Da kukan jirgin ƙasa muka shiga gari, muka sha koko da ƙosai na sule ɗaya, mai kokon tana faɗa da mu don har yau mun ƙi cewa kwabo goma.

Masu gyaran rediyo na bakin tasha sun karɓe ni hannu bibbiyu. Ɗaya ya zaro wani ƙaton transista mai jikin ƙarfe ya ce, "Ticha, wannan ai shi ne babansu. Shi ke sa lasifikar majami'a ta kai bayan kasuwa." Kai, mutanenmu da son babban abu! Gaskiya ne yana jure zafi, yana jure wutar batir, amma na kiɗa da wa'azi ne, tafiyar dattawa yake yi. Rediyo yana son mai saurin kunnuwa da mutuwa fiye da yadda hankali zai ƙirga. In ka sa ƙaton nan, zai zauna daram ya yi ɗumi, ko tari ba zai aika ba. Na yi godiya muka wuce, ƙanin matata yana ta waiwayensa.

A Zonkwa muka ci tuwon acca da miyar karkashi, na roƙi ƙari ban ji kunya ba. A can, a shagon wani mai gyara, na sami ainihin irin da nake nema, lambarsa daidai, amma guda ɗaya tak. Ƙanin matata ya ce, "Yaya, saya mana, ka haɗa shi da wani mai kama da shi." Na ce a'a. Su biyun nan aikinsu irin na mata biyu masu daka a turmi ɗaya ne, wannan ya sauka wancan ya tashi. In ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, shi zai ɗauki aikin duka, ya mutu, ya ja ɗan'uwan. Na faɗi haka da ƙarfin hali, amma ga rana ta riga ta karkata. Mai shagon ne ya ji tausayina, ya ce akwai wani tsohon direban masu haƙa rijiya a Manchok, sun bar masa matacciyar Landiroba da rediyonta a ciki.

Muka bi ta Samaru Kataf, ruwa ya ba mu kashi, muka bushe a kan babur. Tsohon ya yi murna da mu, ya ce in ɗauki abin da nake so, kyauta. Na buɗe ƙofar motar, sai ga rediyon a ƙarƙashin kujera, ga kuma kaza a kansa tana kwanci, ta zuba mini jajayen idanu.

Matar gidan ta taso da muciya a hannu. "Malam, ba a ɗaga shi fa! Kaza mai kwanci ba a taɓa ta a gidan nan." Mijin ya koma gefe, da alama ya san iyakarsa. Na gaya mata zancen jikar da ke jiran suna. Sai ta ce, "To, ka cire abinka, amma shi ya zauna yadda yake."

Haka na kwanta rigingine a ƙasan motar mutane, malamin makaranta guda, na kwance murfin bayan rediyon ba tare da na motsa shi ba. Kowane noti na juya sai kazar ta sare ni a hannu. Ƙanin matata, maimakon ya taimaka, dariya yake har da riƙe ciki. Da na fito da su biyun na ɗora a mita: lambarsu ta dace, suna da rai, allura kuma wuri ɗaya ta tsaya wa kowanne. Na yi ihu har kazar ta amsa. Matar ta leƙa ƙwan kazarta ta ga lafiya, ta cika mana jaka da gyaɗa. Muka gangaro ta gindin dutsen Kagoro muna waƙa, magariba ta yi mana a gida.

Asabar da safe na ɗaura eriya, na shafa wa transistocin farin man rage zafi, na matse su a ƙarfen da ke shanye zafi, na yi dalma. Da la'asar surukata ta zo da zanen Lahadinta. Na kira, sai shuuu. Na sake kira, Baturen ya amsa, sai ga muryar ɗanta: "Mama!" Bayansa kuma jaririya tana tsala kuka.

Na nuna mata inda za ta danna, na ce ta taƙaita don kada su yi zafi. Ta danna ta ce, "Saratu. Sunan uwata ne." Na miƙa hannu in karɓa, ashe ba ta gama ba. Ta kama waƙar reno da yarensu, baiti bayan baiti. Yatsana yana kan ƙarfen, zafi yana hawa, kuma wane suruki ne zai ce wa surukarsa ta yi shiru? Matata ta ɗauko faifai tana yi wa akwatin fifita, hawaye na zuba mata. Ni addu'a kawai nake.

Suka riƙe. Su biyun, babu wanda ya bar ɗan'uwansa.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ke nan: kada girma ya ruɗe ka, kada sauri ya sa ka haɗa waɗanda ba sa'o'in juna ba, don ba ka san tsawon waƙar da za su ɗauka ba. Da surukata ta saki madannin, babu sauran kuka a can. Sai ɗanta ya ce a hankali, "Mama, Saratu ta yi barci."