Ranar da Hadijatu Ta Tuge Ɗankwali

Malam Hudu ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da lissafi a wata firamare a Funtuwa, har ya yi ritaya bai taɓa kawo wa ransa zai tsallaka teku ba. Ciwon matarsa Hadijatu ne ya kawo shi Greensboro, wani gari a Amurka. Mantuwa ce ta fara mata da ƙananan abubuwa, ta zuba gishiri a miya ta sake zubawa, daga baya ta kai ga tambayar sunan jikokinta. 'Yarsu Ruqayya, wadda ke koyarwa a jami'a, ta ce su taho kusa da likitoci. Suka sauka a gidanta da ke gabashin garin.

Likitoci suka ce ciwon ba ya warkewa, sai dai lallaɓawa. Malam Hudu ya ɗauki lallaɓawar a kansa. Shi ke ba ta magani, shi ke yanke mata farce. Da ya lura tafiya na kwantar mata da hankali, sai ya koyi hawa bas. Da hantsi, in Ruqayya ta tafi aiki, su shiga gari su sauka a tasha, su bi titin Elm a hankali, tana leƙen kayan shaguna ta gilashi tana tayawa kamar a kasuwar Funtuwa.

Wata rana, lokacin da ganye ke zuba, abin ya motsa mata a ƙofar wani shagon kofi. Ta tuge ɗankwalinta ta jefar, ta zauna a ƙasa tana kuka tana kiran Innarta da ta daɗe da rasuwa. Ya durƙusa ya jingina kanta a ƙirjinsa, hannu ɗaya yana laluben ɗankwalin.

"Dije, ni ne. Ga ni nan," yake ta faɗa mata.

Bai ga matar da ke tsallaken titi da kyamara ba.

Daga Funtuwa labarin ya iso masa. Salima, ƙanwar Hadijatu, ta kira shi a waya.

"Malam, abin da kuka kai Yaya Amurka ku yi mata ke nan? Kanta babu ɗankwali, a ƙasa, duniya na kallo?"

Ruqayya ta bincika, ashe hotonsu aka ɗauka a ranar. Wata mujallar gari ce ta buga shi, da sunan mai ɗaukar, Anissa, an rubuta a ƙasa cewa ga yadda ƙauna take. Daga shafin mujallar ya bazu a wayoyi. Turawa na ta yabo, wasu suna cewa ya sa su kuka. Shi kuwa furfurar matarsa kawai yake gani, matar da ko soron gida ba ta leƙawa sai da mayafi.

Ruqayya ta kai shi wajen wata lauya mai suna Angelina, kusa da kotu, tana yi masa tafinta. Lauyar ta duba hoton. Ta ce abin da ya faru a kan titi, inda kowa ke iya gani, doka ba ta tilasta a nemi izini kafin a ɗauka ko a buga shi a matsayin labari ko fasaha. Da an yi tallar kaya da shi, ko an rubuta ƙarya a ƙasansa, da akwai ƙara mai ƙarfi.

"Gaya mata mahaifiyarki ba ta cikin hayyacinta," ya ce wa Ruqayya. "Da tana da lafiya, ko ni ban isa in fito da ita haka ba."

Ruqayya ta fassara, ta saurari amsar, ta sunkuyar da kai.

"Baba, ta ce ta fahimta. Amma da wuya kotu ta ba mu gaskiya. Sai dai a roƙe su."

Aka roƙa. Anissa ta zo gidan da kanta, ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta ce mahaifinta ma wannan ciwon ne ya ɗauke shi, shi ya sa hannunta ya kai ga kyamara. Ta cire hoton daga shafinta, mujallar ma ta cire. Malam Hudu ya ce ya yafe mata, kuma har zuciyarsa ya faɗa. Sai dai abin da ya riga ya shiga wayoyin mutane babu mai iya kwaso shi.

Daga nan ya daina fita da ita. Hadijatu kan yafa mayafi da hantsi ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, ba za mu kasuwa ba?"

"Gobe, Dije."

Haka suka cinye hunturu a ɗaki, ƙafafunta suna ƙara nauyi, maganarta tana raguwa. Ta rasu kafin azumi, aka yi mata sutura a nan Greensboro.

Salima ta yi ta cewa ya dawo gida, ya ce ba zai bar Dije ita kaɗai a ƙasar mutane ba. Yana nan wajen Ruqayya. Ran Juma'a bayan masallaci takan kai shi maƙabarta, ta zauna a mota har ya gama addu'arsa.